Ɗan Gidan Wa Ne?

Tambaya biyu Bahaushe yake yi idan ya ga yaron da bai sani ba, kuma mai saurin ji zai ɗauka ɗaya ce. Ta farko ita ce, "Ɗan wa ne?" Ta biyu kuma, "Ɗan gidan wa ne?" Ta farko jini take nema. Amsarta sunan uba ne, ba ta canzawa har kabari. Ta biyu ta fi faɗi. Tana son sanin inda yaro yake cin tuwo, da wanda yake aikensa, da wanda za a kai wa ƙara in ya yi ɓarna, da wanda za a yi wa barka in ya yi abin kirki. Galibi amsoshin biyu sukan zo ɗaya, shi ya sa ba mu cika lura da ratar da ke tsakaninsu ba. Amma akwai ƙasar da wannan rata ta buɗe a 'yan shekarun nan har yara masu yawa suka faɗa ciki, wato gabashin Nijar, jihar Diffa, daga garin Diffa zuwa Bosso, inda kogin Komadugu Yobe yake ƙarasa tafiyarsa ya faɗa Tafkin Chadi.

Bosso tana can ƙurewar ƙasa. Daga Yamai zuwa Diffa tafiyar sama da kilomita 1,300 ce, daga Diffa kuma sai ka ƙara kimanin 100 kana bin kogi. Tsallaken ruwa Malam Fatori ce ta jihar Borno, kusa ƙwarai, har in rani ya yi nisa da ƙafa ake ƙetarawa. Mafi yawan manoman bakin kogin Barebari ne, reshen da ake kira Mobar. A tsibiran tafki akwai Buduma, a jeji akwai Fulani da Tubawa da Larabawa da dabbobinsu, ga kuma Hausawa masunta da 'yan kasuwa da suka daɗe da zama 'yan gari. Babarbare yana ce wa gona kulo, yana ce wa gida fato, kuma shi ya fi kowa sanin nauyin kalmominsa. Ni da Hausa zan auna maganar, domin ana ciniki da ita a kasuwannin yankin, kuma tsarin gidan manomi a Barno da ƙasar Hausa bai yi wa juna nisa ba: maigida ɗaya, rumbu ɗaya, hannuwa da yawa.

Ruwan da ake noma da shi a can ma ba baƙon Bahaushe ba ne. Saman Diffa rowa gare shi, ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 300. Abin da ke raya kwarin shi ne ruwan da ya zuba a ƙasar Kano da tsaunukan Jos da Bauchi, ya taru a kogin Haɗeja da na Jama'are, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan ya tattara kansa ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Tafiyar tana cin watanni. Lokacin da manomin Kano ya gama ɗaure dammunan gero ya sa a rumbu, a lokacin ne kogi yake cika ya batse a Diffa, wajen watan Nuwamba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, abin da ke isowa ya rataya har a hannun mutanen da ba su taɓa ganin Bosso ba. Da wannan ruwa ake shinkafa da albasa da masara da alkama, amma sarkin lambu shi ne tattasai, wanda ake wa laƙabi da jan zinaren Manga. Kafin rikici ana ƙiyasta busasshensa da kusan tan 10,000 a shekara, kuma mafi yawansa Najeriya yake nufa, ta Damasak da Maiduguri har Kano da kudu. Shi ya sa naira ta fi sefa yawo a hannun 'yan kasuwar Diffa. Miyar da ta yi ja a wani gida na Fagge ko Sabon Gari, mai yiwuwa ne wani yaro ɗan shekara 15 ya ba tattasanta ruwa a bakin Komadugu.

Yaushe irin wannan yaro yake zama babba? Malamai suna da amsarsu: balaga da alamominta, in kuma ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne shekara 18. Hukuma ma a 18 ɗin take ba da katin zaɓe. Gidan manomi bai yi musu da ko ɗaya ba, sai dai yana da nasa ma'auni, kuma kalmomi biyu ne suke ɗauke da shi: gandu da gayauna.

Gandu shi ne gonar gida baki ɗaya. Shi ne kuma alkawarin da ba a rubuta ba tsakanin uba da 'ya'yansa: su ba shi ƙarfinsu daga safe zuwa azahar, shi kuma ya ci da su, ya biya musu haraji, ya saya musu fartanya, ya yi musu auren fari. In uba ya rasu, babban wa yakan riƙe gandun har ranar da 'yan'uwa suka ga ya dace a raba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta kan karkarar Hausa a 1972, ta lura cewa zaman ɗa a gandu da yardarsa ne, in ya ga dama yana iya fita. Harshenmu ma haka ya nuna. Ba mu cewa ɗa "yana da gandu", cewa muke "yana cikin gandu". Wuri ne da ake shiga, a zauna, a fita. Abin da ake shiga kuwa, wanda ba a haifa a gidan ba ma yana iya shigarsa. Ɗan ƙane, ɗan riƙo, agola, almajirin da ya daɗe har ya zama na gida, duk an sha ganinsu cikin gandu suna ci daga rumbu ɗaya.

Gayauna kuwa, wadda mutanen Maraɗi suke ce wa gamana, wasu kuma kurga, ita ce 'yar gonar da maigida yake yanka wa ɗansa ko matarsa. Ana nomanta da yamma bayan an tashi daga gandu, ko ranar da gandu yake hutu. Abin da ta bayar na mai ita ne, ba a tambayarsa lissafi. Ƙarama ce, wani lokaci ma a gefen da ƙasa ba ta da ƙarfi take. Amma a ganina babu kalmar da ta fi ta bayyana yadda ake girma a gidan manomi. Ba a ba yaro gayauna don a sallame shi. Ana ba shi ita ne yana nan cikin gandu daram. Da safe shi ɗaya ne daga cikin hannuwan gida, da yamma shi ne mai yanke shawarar abin da zai shuka da lokacin da zai sayar. A yini guda yana koyon bi, yana koyon ja. Uban da ya riƙe ɗa a gandu har gemu ya fito bai yanka masa ko taku goma ba, wata rana zai wayi gari ya tarar yaro ya shiga mota. Wanda kuma ya sake shi gaba ɗaya tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ya yar da shi ne, ko da ya kira abin 'yanci.

A lambun tattasai ana ganin wannan hawa-hawa da ido. Cikin damina ake yafa iri a wurin reno, bayan 'yan makonni a cire a dasa a fangali. Ɗan shekara 7 aikinsa kai abinci da korar awaki. Ɗan shekara 10 yana bin masu dashe da 'yan tsirrai a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, yana miƙawa. Da yamma ake yi, rana ta yi sanyi, don kada zafi ya kwantar da su. Sai kuma ranar da za a miƙa masa fartanya a ce ya tsaya a bakin magudana. A zamanin kakanni da jigo ake ɗibar ruwa, yanzu inji ne yake jawo shi daga kogi ya turo ta tiyo, ya bi 'yar kwata tsakanin fangula. Aikin mai tsayuwa shi ne ya sare bakin fangali da fartanya sau ɗaya, ruwa ya shiga, ya sa ido har ya kai gindin tsiron ƙarshe, sa'an nan ya mai da laka ya toshe, ya buɗe na gaba. A ido wasa ne. Amma inji ba ya jira, mai yana ƙonewa, kuma kuɗi ne. In ya yi jinkiri ruwa ya karya kunya ya kwashe taki. In ya yi garaje ƙarshen fangali ya kwana da ƙishi. In ruwa ya kwanta ya daɗe, saiwa ta ruɓe. Ƙafarsa cikin laka har idon sawu, sauro yana cizo, hunturu yana busowa daga tafki, hannu biyu duk suna kan ƙota. Uban yana can wajen inji kamar bai damu ba, amma yana kallo da wutsiyar ido.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, wata rana suna tsaye a kan ganyen da ya fara nannaɗewa, sai uban ya ce, "Kai me ka gani? Ƙwari ne ko ƙishi?" Ba a yanka rago ranar, ba a kira maroƙi, mai yiwuwa ma kafin magariba uban ya manta ya yi tambayar. Yaron ba zai manta ba. An tashi daga aikensa an koma shawara da shi. Ba da daɗewa ba sai a ce masa fangula kaza na gefen can nasa ne. In tsinka ta zo, aka shanya tattasai a fili ya yi jawur har ido ba ya iya daɗe kallonsa, nasa yana gefe daban, shi yake juya shi da kansa, yana tsince wanda ya yi fari da wanda ya ruɓe. Buhu ɗaya ne ko biyu. Ya kai kasuwa, ya yi ciniki da bakinsa, dillali ya so ya raina shi ya ga bai samu fuska ba, ya dawo da turmin zane na mahaifiyarsa da goron kakarsa. Daga ranar, in baƙo ya tambaya yaron can na wane gida ne, kafin ya buɗe baki wani zai amsa masa.

Wannan tsarin ne ya tsinke a 2015. Ranar 6 ga Fabrairu na shekarar, Boko Haram ta kai wa Bosso da Diffa hari, babban harinta na farko a ƙasar Nijar. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawan babur, wanda da shi manomi yake zuwa lambu ya kai kaya kasuwa. Aka ƙuntata sayen mai da takin zamani. Aka hana cinikin kifi da tattasai, bisa hujjar cewa mayaƙan suna karɓar haraji a kansu. Bayan harin tsibirin Karamga a ƙarshen Afrilu aka umarci mutanen tsibirai su fito, dubbai suka tako a ƙafa cikin zafin bazara. Sai kuma 3 ga Yunin 2016, da aka sake afka wa Bosso. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 50,000 ne suka watse, da yawansu suka yi tafiyar kilomita 30 zuwa Tumur, daga can suka zarce bakin kwalta, babbar hanya mai lamba 1, suka kafa bukkokin kara da leda a Kinjandi da Garin Wanzam da sauran wurare. A lokacin, waɗanda suka rasa matsuguni a jihar, 'yan ƙasa da waɗanda suka tsallako daga Borno, sun haura 240,000, a jihar da ƙidayar 2012 ta samu mutum ƙasa da 600,000.

Ba na cikin masu raina dalilin hukuma. Sojoji da yawa sun ba da rayukansu a Bosso da Karamga, Allah ya jiƙansu. An kuma ɗage haramcin tattasai a Oktoban 2017, na kifi a Maris ɗin 2019. Amma takardar gwamna tana iya buɗe kasuwa a rana guda, ba ta iya mayar wa yaro shekarun da ya kamata ya yi a bakin fangali. Wanda yake da shekara 7 ranar da aka gudu daga Bosso ya cika 15 a 2024. Shekarun miƙa tsiro da na tsayuwa da fartanya ya yi su ne a layin famfo, da layin rabon abinci, da yawon itace a jejin da aka riga aka aske.

Ya kuma tashi da wasu kalmomi a baki. Kati. Rajista. Sansani. Rabo. Ɗan gudun hijira. Ka duba ta ƙarshen nan. Hausa takan jingina mutum da garinsu ko sana'arsa, ta ce ɗan Katsina, ɗan kasuwa, ɗan gida. Shi wannan yaro an jingina shi ne da abin da ya same shi rana ɗaya, aka bar masa shi ya zama suna. Hijira kalma ce mai daraja a wurin Musulmi, kuma wadda ta fi kowace daraja da 'yan'uwantaka ta ƙare: mutanen Madina sun buɗe wa baƙinsu gidaje, suka sa su cikin amfanin gonakin dabinonsu. Mutanen Diffa ma sun yi nasu gwargwado, kuma dole a faɗa. Kafin motocin agaji su iso, gidajen talakawa ne suka fara karɓar masu gudu, kuma mafi yawansu ba a sansanin Sayam suka zauna ba, cikin gari da ƙauyuka da bakin hanya suka bazu. Rabon abinci ya ceci rayuka, babu mai musu. Sai dai rabo a gidan manomi bayan gumi yake zuwa, shi ya sa yake ɗaga kan mai karɓa. Maigidan da kati ne rumbunsa ba shi da gandun da zai sa ɗansa a ciki, ba shi da abin da zai yanka masa. Uba da ɗa suna tsaye a layi guda, kuma babu ganyen da uban zai nuna ya ce, kai me ka gani?

Akan kwatanta irin waɗannan yara da tsiron da aka dasa a wata ƙasa, a ce a yi haƙuri za su kama. Manomin tattasai zai gyara maganar. Dashe aiki ne na niyya. An gyara fangali tun kafin a taɓa tsiron, an jiƙa ƙasa, an cire shi da 'yar ƙasarsa a jikin saiwa, an zaɓi sanyin yamma, kuma akwai wanda zai dawo gobe da jibi da ruwa. Abin da aka yi wa yaran Bosso sunansa tugewa. Tugaggen tsiro ma yakan rayu, amma sai in wani ya duƙa ya ɗauke shi ya yi masa duk abin da ake yi wa dashe.

Akwai kuma kalmar da ta fi ci mini rai. A yankin tafki mutane da yawa ba sa kama sunan Boko Haram, sai su rage murya su ce "yaran nan". Kalmar da uwa take kiran 'ya'yanta da ita su zo cin abinci ta zama sunan abin tsoro. Saurayin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya gaji zargi: a shingen bincike shi ake fara saukewa, a sabon gari shi ake bi da kallo. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu samarin bakin kogi sun bi mayaƙan, wasu da ƙarfi aka tafi da su, wasu da alkawarin babur da kuɗi da aure. Ka duba tayin da kyau. Abin hawa, abin hannu, iyali. Su ne dai abubuwan da gandu da gayauna suke ba saurayi sannu a hankali ta hanyar halal. Wanda ya zo da na ƙarya ya san ƙishin da yake yi wa magana. Gwamnati ta yi shelar afuwa a Disambar 2016, ta buɗe cibiya a Gudumariya don waɗanda suka ajiye makami, aka koya musu sana'a. Sana'a ana koyonta cikin watanni. Samun gidan da zai ce "namu ne" a gaban maƙwabcin da aka kashe wa ɗa, wannan aiki ne mai nauyi, kuma ba wanda ya isa ya gaggauta wa masu makoki shi.

Bari in kawo yaro guda kusa. Ba zan sa masa suna ba, domin ba mutum ɗaya ba ne, duk wanda ya san kwarin ya san irinsa. Shekararsa 16. Mahaifinsa ya rasu a shekarun gudu, ya girma a bakin kwalta, yanzu mahaifiyarsa ta aiko shi wurin yayanta mai lambu kusa da Diffa. An karɓe shi hannu bibbiyu. An shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ana zuba masa abinci a kwanonsa daban, in ya ɗauki fartanya sai matar kawun ta ce, "Ajiye, ɗana, kai da ka sha wahala, huta abinka." 'Ya'yan gidan suna fita da asuba, su dawo da laka a ƙafa suna gardamar wanda ya bar inji ya sha iska, shi yana zaune da riga fes. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya hana shi kome. Amma kullum dare yana jin kamar gobe za a ce masa ya gaida gida. Tausayi ne tsantsa, kuma shi ne ya tare masa ƙofa. Baƙo ake yi wa haka. Baƙo ba a aikensa, ba a yi masa faɗa, domin ana sa ran tafiyarsa.

Sai ranar da hannu ya yi kaɗan, babban ɗan gidan ya tafi neman mai, aka tsayar da shi a bakin magudana. Bai iya ba. Ruwa ya karya kunya, ya malale wasu fangula, ya bar na ƙarshe a bushe. Kawun ya zo ya tsaya, ya dubi ɓarnar, ya ɗaga murya yadda yake ɗaga wa 'ya'yan cikinsa.

"Wa ya tsaya a nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Idonka yana ina? Ka san nawa ake sayen litar mai? Gobe kafin rana ta fito ka ta da kunyar nan da hannunka. Kuma layin nan daga yau kai ne da shi. In ya mutu, kai ka kashe."

"To, Kawu."

Ya koma gida ransa a ɓace. Da aka kawo tuwo ba a fito da kwanonsa ba, 'ya'yan kawun ne suka matsa suka ba shi wuri a nasu.

Na san akwai faɗan da zalunci ne. Akwai gidajen da ɗan riƙo yake kashe ƙuruciyarsa a gandu, ba gayauna ba godiya, ranar da ya nemi aure a tuna masa ba ɗan gida ba ne. Wannan ba riƙo ba ne, ƙodago ne da aka ƙi biya, kuma haƙƙin maraya ba ya kwana. Abin da ya raba faɗan kawun nan da wancan shi ne rabin maganarsa na biyu: layin nan naka ne. An ɗora wa yaro laifi, an kuma ba shi abin da amanarsa take wuyansa.

Duk maganar nan da bakin namiji na yi ta, don haka kalmomin suka zo mana. Yarinya fa? A tsinkar tattasai hannun mata ba ƙarami ba ne, su ne ke tsinka, su ne ke tsincewa a wurin shanya. Amma tun tana ƙarama ana gaya mata ita ta gidan wani ce, wato gidan da take wa wahala masauki ne. A Nijar mafi yawan 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma gudu ya ƙara wa iyaye dalilin gaggawa, ga tsoro ga yunwa. Gayaunar mace tsohuwar al'ada ce, matan aure sun daɗe da ita. Ban ga abin da zai hana a yanka wa budurwa tata tun tana gaban iyayenta ba, ta sayar, ta riƙe kuɗinta, ta sayi littafin lakwal, wato makarantar boko, ko tunkiya, ta shiga gidan miji da sanin cewa hannunta yana iya ci da ita.

Wani zai ce zamani ya wuce nan, yaron yau waya yake so da lakwal, ba laka ba. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsa ne. Tun 2014 akwai jami'a a Diffa, kuma zan yi murna in ga ɗan mai lambu ya shiga ya fito ya zama mai auna ruwan kogin da ubansa ya noma. Wasu za su tafi Maiduguri, wasu Damagaram, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa. Gayauna ba mari ba ce. Amma tafiyar wanda ya san akwai fangalinsa a baya daban take da ta wanda ba shi da inda ake lissafa shi. Na farko in abu ya ƙi ya dawo, in ya yi daɗi ya aiko da kuɗin taki. Na biyu duk wanda ya fara ce masa "kai namu ne" shi zai bi. Muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mun manta akwai wanda ba a taɓa ba shi gidan da zai bari ba.

A Yunin 2021 gwamnatin shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ta fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da Baruwa a gundumar Bosso, inda kusan mutum 6,000 suka koma. A watan Agusta aka kai wa wurin hari, sojoji 16 suka rasu. Kogin ma bai sassauta ba, ambaliyar 2019 da ta 2022 sun ci lambuna da gidaje. Duk da haka mutane suna komawa inda hali ya yi, suna sassabe gonakin da ƙaya ta mamaye, domin wanda ya san daɗin buhunsa ba ya sabawa da na rabo. Tare da su akwai samarin da ake cewa sun koma gida alhali ba su san gidan ba. Dattijo yana nuna iyakar gona da wani tsohon kututture, yaro ciyawa kawai yake gani. Dattawan da suka san ranar da ruwa yake isa kowane lungu, da ƙasar da take son albasa da wadda take son tattasai, suna ta raguwa. Wannan ilimi ba a takarda yake ba, a bakin fangali ake miƙa shi, kuma in masu shi suka ƙare kafin a karɓa, ba kasuwar da za a sayo shi.

Shi ya sa nake ganin abin na gaggawa ne. Tsaron da zai bar manomi ya yini a lambunsa, da mai da taki a farashin da zai iya, sun fi wa matasan kwarin amfani a kan kowane taron wayar da kai, kuma wannan yana wuyan hukuma a Yamai da Diffa. Masu agaji in za su raba inji da iri, su rubuta sunan saurayi da budurwa kusa da na maigida. Masu riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa su tuna akwai masu jiran ruwan a ƙarshen kogi. Amma babban aikin ba a ofis yake ba. Maigida, in akwai yaro a gidanka wanda gudu ya kawo, ɗan ƙanwarka ne ko ɗan maƙwabcin da ya rasu, kada ka bar shi a tabarmar baƙi. Ka tashe shi da asuba tare da naka, ka yi masa faɗa in ya ɓata, ka nemi shawararsa, kuma kafin dashen bana ya wuce ka yanka masa nasa fangalin.